Soyayya a Gindin Gawo

Adabin Hausa bai taɓa rasa labarin al'ajabi ba, bai kuma taɓa rasa labarin soyayya ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne littafin matasa da zai haɗa su biyun, ya dasa su a ƙasar da mai karatu yake takawa. Gasar 1933 da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, inda jarumai ke keta duniya har su cuɗanya da aljanu. Daga baya Kano ta cika kasuwa da littattafan soyayya irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Na karanta su duka ina 'yar makaranta, na ji daɗinsu, amma ban ga gulbinmu a cikinsu ba.

Ni haifaffiyar Taloka ce, a ƙasar Goronyo, inda gulbin Rima ke shayar da fadamun shinkafa da albasa da tafarnuwa har ya wuce Wurno. A nan labari ba ya yawo a iska, kowane yana da mazauninsa. Akwai tsamiyar da ba a zama gindinta da tsakar rana, akwai gurbin da masunta ba sa jefa koma sai sun yi sallama. Kakata ce ta fara nuna mini gawo, itacen da ke kaɗe ganyensa da damina, ya yi kore shar da rani lokacin da sauran itatuwa suka bushe. Na tambaye ta dalili, sai ta ce, “Ke kishiyata, budurwa ce a ciki. Saurayinta ɗan ruwa ne, ba ya fitowa sai gulbi ya janye, shi ya sa take ajiye adonta sai rani.”

Wannan zance na kakata ya ƙunshi littafi sukutum: masoya biyu da yanayi ya raba, ɗaya na tudu, ɗaya na ruwa, ga shamuwa mai kawo albishirin damina ta zame musu mai shelar rabuwa. Tsarin ba baƙo ba ne a gare mu, domin labarin Bayajida da Daurama ma a bakin rijiyar Kusugu ya ƙullu, da maciji a tsakani. Sai dai yawancin littattafan al'ajabi da ƙannena ke karantawa a waya aro suke yi daga Dare Dubu da Ɗaya ko finafinan Indiya, da fadoji na zinare da sunayen biranen da ba su da ƙura.

Na san akwai masu ɗari-ɗari da irin wannan rubutu, suna tsoron kada ya farfaɗo da bori. Tsoronsu ba na banza ba ne, amma tatsuniya ba ta taɓa neman a yi imani da ita ba. Da bakinta take shaida cewa ƙarya ce kafin a watse. Aikinta shi ne ta sa yaro ya ji nauyin itace da ruwa, ya kuma gane cewa so yana da farashi.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne mazaunin labaran suna ƙarewa. Madatsar Goronyo da aka kammala a 1984 ta sauya tafiyar gulbi, ambaliyar 2010 ta tashi ƙauyuka, gatarin masu gawayi na bin manyan itatuwa, rashin tsaro a gabashin Sakkwato kuma ya hana hirar dandali da shiga daji. Yarinyar da ba ta taɓa tsayawa gindin gawo ba, da me za ta auna haƙurin mai jira?

Saboda haka na ɗauki alƙalami. Idan itacen ya faɗi kafin in gama, aƙalla takarda za ta riƙe inuwarsa, har wani matashi ya karanta, ya tashi ya dasa wani.