Niyyar da aka rubuta

A wani ƙauye na ƙasar Kornaka, cikin gundumar Dakoro, akwai wani magidanci mai ciyar da baki 8. Ba raggo ba ne, kowa ya shaida. Amma kowace shekara rumbunsa yakan ƙare tun hatsi bai nuna ba. In an tambaye shi abin da yake nema bana, sai ya ce: "Allah dai ya ba mu sa'a."

A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka. Yunwar 2005 ta kama jihar Maraɗi sosai, har tsofaffi suna tuna ta 1984, wadda ake kira El Buhari. Mutumin nan ya saida awakinsa, ya ci bashin hatsi. Da rani ya shiga ajin yaƙi da jahilci, don dai ya iya karanta abin da ake binsa.

A kakar 2006 ya ɗauki littafi da alƙalami ya tafi bakin rumbu. Ya tambayi uwargidansa nawa ake dakawa a yini. Ta ce: "Tiya 2, maigida." A shekara ke nan tiya 730. Ya sa aka sussuke dami guda, aka samu tiya 6. Lissafi ya nuna gidansa yana bukatar dami 122. Shi kuwa 90 ya ɗaure, cimakar wata 9 kawai.

A nan ya gane ciwonsa. Wata 3 ɗin da suka rage, tsakiyar damana suke faɗawa. Lokacin da ya kamata ya yi noma a gonarsa, sai ya tafi ƙwadago gonar wani don abin da za a ci da dare. Haki ya cinye shukarsa, baɗi kuma haka.

Sai ya rubuta a shafin farko: dami 122, cikin shekara 3. Ƙarƙashinsa ya jera ayyuka 3, kowane da lokacinsa.

Na ɗaya, da kaka ya shirya da wani Bafillace ya sauka da shanunsa cikin gonar, su ci kara su bar taki.

Na biyu, da sassabe ya daina tone kututturan sabara da kalgo. Yakan zaɓi rassa masu ƙarfi ya bari, ya datse saura. Wannan shi ne sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ya fara tare da manoman ƙasar Maraɗi a 1983. Itatuwan suna tare iskar da ke binne shuka da rairayi, ganyensu ya zama taki, rassan kuma itacen wuta.

Na uku, ya hana kansa saida hatsi da kaka, lokacin da ba ya da daraja. In bukata ta taso, wake zai kai kasuwa.

Wansa ya ga gonar da kurmi-kurmi, ya ce: "Kai ƙane, boko ya sa ka ƙazanta? Arziki na Allah ne, ba na takarda ba." Ya amsa: "Gaskiya ne, yaya. Amma Allah ya ce tashi in taimake ka."

A 2007 ya ɗaure dami 104. A 2008 ya samu 118, kuma bai je ƙwadago ba sai kwana kaɗan. Saura 4 ya cika niyyarsa, sai damanar 2009 ta zo da ƙarancin ruwa. Dami 70 ya shiga rumbu.

Wani zai ce to ina amfanin littafin? Ga amfaninsa. Tun ranar da aka gama ɗauri ya san cimakarsa ta wata 7 ce. Bai jira ba. Ya kai ragonsa kasuwar Dakoro tun yana da ƙiba, ya auno hatsi tun bai yi tsada ba. Ya tafi cin rani da wuri, ya komo kafin ruwan shuka. Da wahalar 2010 ta zo, dabbobi suka rame, kuɗinsu ya faɗi, tiya ta hau. Gidansa ya ji jiki, amma bai ci bashi ba, bai bar gonarsa ba. Da sanyin safiya ake kama fara.

Ƴan'uwa manoma, makiyaya, maɗinka da masu tireda, wannan ya shafi kowa. "Ina son in ci gaba" fata ce. Niyyar aiki tana da adadi, tana da ranar dubawa, tana da ayyukan da za su kai gare ta. Ba ta sa ruwa ya sauka, amma tana gaya wa mutum gaskiya tun da sauran dabara.

Wanda ya iya rubutu, ya rubuta tasa bana. Wanda bai iya ba, ya nemi ajin yaƙi da jahilci mafi kusa da shi. Allah ya ba da damana mai albarka, amin.