Keken Baba da Hanyar Gwaram

Lokacin da nake ƙaramar sakandare a Birnin Kudu, babu abin da nake jin kunyarsa kamar keken babana. Baƙin Phoenix ne mai sanda a tsakiya, kuma ya girme ni nesa ba kusa ba. Sirdinsa ya yage an ɗaure da roba, kacarsa kuwa tun daga kan kwana ake jin kukanta. Idan Baba ya goyo ni da safe, sai in ce ya sauke ni wajen masu ƙosai, wai zan sayi abin karyawa. Ƙarya nake yi, ko sisi babu a aljihuna. Gudu nake kada 'yan ajinmu da ake kawowa a babur su gan ni a kan kariya. Bai taɓa tambayata dalili ba. Sai dai ya taka birki, in sauka, ya ce "Allah Ya ba da sa'a," ya juya abinsa.

Abin dariya, da na shiga jami'a a Dutse sai ga ni na kamu da son keke, amma na cikin waya. Wani abokin ɗakina ne ya fara nuna mini bidiyon Turawan Faransa masu yawon daji a kan keken hawan dutse. Keke ne mai kaurin taya, tayar da haƙora kamar ta tarakta, ga giya iri-iri ta hawa da ta gangara, ga wani ƙarfe a gaba mai lotsawa da ke shanye gargada. Su ratsa kurmi, su gangara kwarin kogi, su miƙe a bakin magudanar ruwa. Wadda ta fi tafiya da hankalina ita ce Canal du Midi, wani kogi da mutane suka haƙa da hannu a kudancin ƙasar, aka buɗe shi a 1681, tsawonsa kilomita 240. Hanyar da ke gefensa ta dawakin da ke jan jiragen ruwa ce a da, yanzu ta zama ta masu keke, itatuwa sun yi mata rumfa. Datar da na ƙone a kallon nan, Allah kaɗai Ya san yawanta. Kullum ina cewa, in na yi kuɗi sai na je.

Ban yi kuɗin ba. Abin da ya zo shi ne hutun Disambar 2023, watanni kaɗan bayan cire tallafin man fetur, lokacin da kuɗin mota ya zama abin da ake zama a yi shawara a kansa a gida. Aka aiko cewa Gwaggo, yayar Baba da ke aure a wani ƙauye a ƙasar Gwaram, tana kwance. Baba ya haɗa magani da sukari da sabulu da ɗan abin da ya samu, amma shi kansa ciwon gwiwa ya hana shi sakat. Da muka lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa, da na ɗan acaɓan da zai shiga da ni ƙauyen, sai muka ga hanya za ta cinye kusan rabin saƙon.

Da wasa na ce, "Ko in hau keke ne, Baba?"

Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya jawo tsinke ya fara zane a ƙasa. Ashe kafin a haife ni, a kan keken nan yake zuwa gaishe ta, sau biyu ko uku a shekara. Ya ce idan na wuce Babaldu in bar kwalta in bi hanyar ƙasa, ta fi kusa. Zan tarar da wata babbar tsamiya inda hanya ta rabu biyu, in bi ta hagu. Daga nan zan shiga dajin marke, inda mutum zai yi tafiya mai nisa rana ba ta taɓa ƙeyarsa ba. In na fito, sai burtali, shi zai kai ni har bakin kogi. Ya ƙara da cewa kada in yarda dare ya same ni a hanya, kuma duk wanda na tarar, babba ko yaro, in yi masa sallama.

Ana idar da sallar asuba na ɗaure kwalin a kariya, na soke famfo, na fita. Hunturu ya sauka, hannuwana suka ƙage a kan keken. Duwatsun garinmu suna ta fitowa daga cikin hazo ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu ne Dutsen Mesa da Dutsen Habude suke, inda mutanen da can suka zana hotunan shanu a jikin dutse, kuma a nan ne wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya ci karo da duwatsu masu amo kamar kuge a 1955. Ni da aka haifa a gindinsu, sai a littafi na san wannan. Na san sunan magudanar ruwan Faransa, ban taɓa hawa na ga zanen garinmu ba.

Tafiyar kwalta ba ta da labari, ban da manyan motoci da ke tura ni gefe. Da na sauka hanyar ƙasa ne na san keken Baba ba shi da giya. In tudu ya zo, sai ka miƙe tsaye a kan feda kana nishi. In yashi ya zo, tayar gaba ta yi ta rawa har ka sauka ka tura. Amma in gangara ta samu, wayyo! Iska tana kaɗa riga, gonaki suna wucewa, an girbe dawa an bar karan a tsaye, mata suna ɓarar zoɓo a gindin ɗorawa. Na wuce wani dattijo a kan keke da buhu biyu a baya, ko in ce shi ya wuce ni, don bayan mun gaisa sai ƙurarsa na gani. Abin da Turawan nan ke sa hular kwano su yi don nishaɗi, shi ne hanyar kasuwarsa.

Na kai inda hanya ta rabu, babu tsamiya. Na ce ko ban iso ba ne, na ci gaba. Na sake tarar da wata mararraba, nan ma babu. Na bi hagu bisa ƙa'ida, na yi ta zuba ido in ga dajin marke. Rana ta take, ruwan gorata ya kusa ƙarewa, ba abin da nake gani sai fili da kututture da 'yan sabara. Can sai ga buhunan gawayi an jera a bakin hanya, wani mutum yana ɗinke bakinsu. Na yi sallama na tambaye shi dajin marke.

Ya ce, "Ai a cikinsa kake, ɗan samari."

Na buɗe baki zan yi irin maganar da muke yi a aji, ta kwararowar hamada, sai na tuna da me Inna ta dafa mini shayin da na sha da asuba. Gawayi ne. Tun da gas da kananzir suka fi ƙarfinmu, shi muke saye. Na haɗiye maganata. Shi ne ma ya gaya mini na baro hanya, tsamiyar da nake nema an sare ta shekarun baya, kuma a mararrabar farko ya kamata in karya. Na juya.

A hanyar komawar ne tayar baya ta sace. Tsidau ne, wannan 'yar ƙayar mai kaifi ta kowane gefe. Na yi famfo, ban yi nisa ba ta sake kwantawa. Haka na tura keken har wani ɗan ƙauye, ƙafafuna duk ƙarangiya, raina a ɓace, ina ta zagin kaina da na kawo shawarar.

Mai facin wani tsoho ne a gindin kuka, da kwanon ruwa da sholisho da guntayen tsohon tub. Ya kifa keken, ya zare tub, ya hura, ya tsoma a ruwa yana bin kumfa. Huda uku ya samu. Yana cikin goge wurin sai ya tsaya, ya shafa wani tabon walda a ƙasan sandar keken.

"Yaro, keken wa ka ɗauko?"

Na ce na babana ne, daga Birnin Kudu.

"Dogo, mai zuwa wajen 'yar'uwarsa a hayin kogi?"

Na ce shi ne. Ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce wata shekara da damina Baba ya faɗa kwazazzabo da keken nan, sandar ta tsage, shi ya raka shi wajen mai walda, a gidansa ma ya kwana. Ya ce, "Buhun masara ne a bayansa ranar, zai kai mata, shekarar ba su samu amfani ba. Yana nan lafiya? Ya daina bi ta nan." Na ce gwiwa ce. Ya girgiza kai. Da na miƙa masa kuɗi sai ya ture hannuna, ya ce in ce wa Baba mai facin gindin kuka yana gaishe shi. Ya sa jikansa ya cika mini gora, ya nuna mini bakin burtali.

Wannan tabon waldar yana cikin abubuwan da nake jin kunya a da. Shekara da shekaru ina ganinsa, ban taɓa tambayar inda aka samo shi ba.

Burtalin ya kai ni kogi kamar yadda Baba ya faɗa. Shi ne wanda muka karanta a darasin labarin ƙasa da sunan Bunga ko Jama'are, mai tasowa daga tsaunukan Jos. A wannan lokaci yashi ya fi ruwa yawa. Masu noman rani sun kafa injinan ban-ruwa a gaɓa, albasa da tumatir sun yi kore shar, shanu suna sha a can ƙasa. Na naɗe wando, na ɗora kwalin a ka na kai shi hayi, na dawo na saɓa keken a kafaɗa. Nauyinsa kamar na ɗan maraƙi. Ruwan ya kawo mini gwiwa, sanyinsa har cikin ƙashi. Na zauna a kan yashi ina haki, kuma in faɗa muku gaskiya, ƙannena, ko wayata ban tuna na ciro ba.

Ana kiran la'asar na shiga gidan. Gwaggo tana kwance a tabarma, ta ji kukan kaca tun daga zaure, ta ɗago kai ta kira sunan Baba. Da ta ga ni ne, sai ta riƙe hannuna ta ce, "Babana, kai ne a kan keken nan?" Sunan mahaifinsu aka sa mini, haka take kirana. Ta yi kuka kaɗan, sannan ta sa aka dama mini fura. Kwana biyu na yi, na baro ta tana iya zama.

Bayan na koma makaranta na karanta cewa itatuwan bakin Canal du Midi ma suna mutuwa. Kimanin 42,000 ne, wata cuta ta kama su tun 2006, an sare dubbai. Sai dai su suna bi suna dasa wasu a gurbinsu. Markenmu da tsamiyarmu ba wanda ya ƙirga su, sai irin su Baba da suka riƙe su a ka.

Ranar da na dawo gida, bayan ya ji lafiyar Gwaggo da gaisuwar mai faci, Baba ya tambaye ni, "Ka huta a gindin tsamiyar?"

Tun a hanya nake shirya abin da zan ce. Na yi niyyar in ce eh. Da na dubi fuskarsa sai na kasa. Na gaya masa babu ita, babu dajin, na ba shi labarin buhunan gawayi. Ya yi shiru yana kallon wurin da ya yi zanen a ƙasa, wanda kaji suka riga suka tone. Can ya miƙa hannu ya matsa birkin keken sau biyu.

Ya ce, "Na baya ya saki. Gobe ka kai a ɗaure, tunda da hutun sallah kai za ka koma."