Sif ɗin da Baba Ya Saya Min

Idan ina aikin safe, ƙarfe biyar da rabi nake fara shiri, bayan na idar da sallah. A cikin duhu nake lalubar safa da farin hijabina don kada na kunna fitila yara su tashi. Duk wannan lallaɓawar a banza take tafiya, domin da na tura durowar sif sai ka ji "ƙwas!" kamar an mari katako. Auta ta tsandara kuka, maigida ya juya ya ja tsaki. Shekara tara muna haka, har mun ɗauke shi a matsayin halin gidan.

Abin ya daina zama na dariya ranar da yayanta, mai shekara biyar, ya tura durowar ƙasa da ƙafa alhali hannunta yana bakin durowar. Ina asibiti aka kira ni. Na sha karɓar irin wannan rauni a wurin aiki, na san abin yi: a sa yatsan a ruwan sanyi, a ɗaga hannun sama, a duba ko jinin da ya taru a ƙarƙashin farce ya wuce rabinsa ko yatsan ya karkace, wanda shi ne alamar lallai a je asibiti a ɗau hoto. Amma ranar, wallahi, hannuna rawa yake yi ina naɗa bandeji. Ƙashi bai karye ba, alhamdulillahi. Farcen ne ya yi baƙi ya fita, sai da ya kusa wata shida kafin sabo ya cika.

A daren maigida ya ce, "Gobe a fitar da sif ɗin nan, na saya miki na zamani." Na yi shiru, shi kuma ya san ma'anar shirun. Sif ɗin yana cikin kayan ɗakina. Baba, Allah Ya ji ƙansa, shi ya je Gandun Albasa da ƙafarsa ya zaɓa, da kuɗin sallamarsa daga aiki. Gadon ya lalace tuni, kujerun mun bayar. Shi kaɗai ya rage min.

Wata abokiyar aikina ce ta ce akwai 'yar na'urar da ake ɗaura wa tsohuwar durowa ta riƙa rufuwa a hankali. Na kira kafintan unguwarmu. Ya zo ya zaro durowoyin huɗu gaba ɗaya, ya leƙa, ya ce, "Hajiya, uku za su karɓa, ɗaya sai dai haƙuri." Ukun suna gudu ne a kan layin ƙarfe mai 'yan tayoyin roba. Ta huɗun, ta sama, katako ne kawai yake gogar katako, shi ya sa take cijewa da damina idan itacen ya sha danshi, ta saki da hunturu. Na'urar ba ta da ƙarfin jan irin wannan.

Da ya kawo su daga Ƙofar Ruwa na karɓi ɗaya ina jujjuyawa, sai na yi dariya, don kuwa sirinji ce. Duk nas ta san yadda sirinji take yi idan an zuƙo magani mai kauri ta siririyar allura: komai ƙarfin da ka sa, a hankali zai fita. Haka wannan take. A cikinta akwai ɗan bututu mai man silikon da sanda mai tura man ta ƙaramar kafa, sai kuma sifirin. Ana ɗaure jikinta a bangon sif daga ciki, a ɗaure ɗan maƙalinta a gefen durowa. Idan saura kamar santimita 5 durowar ta rufu, maƙalin ya kama, man ya rage mata gudu, sifirin ya ƙarasa jan ta ciki.

Ta farko da ya ɗaura ba ta kama ba, saboda ya saka maƙalin ƙasa kaɗan. Ya kwance ya sake aunawa da fensir. Nan na lura yana fara huda ɗan rami kafin ya ɗaura sukuru, ya ce gefen durowar siriri ne, in ba haka ba zai tsage. Ya kuma sa na goge ƙurar shekaru da ta daskare a layin, har da wani ɗan kunnena da na yi wa 'yar aiki mugun zato a kansa bara. Wannan kuma sai da na kira ta na nemi afuwa.

'Yan uwa, kada na yi muku ƙarin gishiri. Na'urar ba ta hana durowa kama yatsa ɗungurungum, bugun kawai take kashewa. Idan yaro ya turo da dukkan ƙarfinsa, yatsan da yake can bakin zai iya shan matsa kafin ta kama. Kuma buɗewa ta ɗan ƙara nauyi, don sai ka ja sifirin ya ɗanu. Ta ƙasan da na cika da zannuwan gado sai da na rage mata kaya kafin ta riƙa rufuwa har ƙarshe.

Ta saman da ta ƙi karɓa, kafintan ya goga mata kyandir a gefe ya manna ɗan soso a bayanta. A nan maigida yake ajiye hulunansa. Jiya da asuba na gama shirina tsaf ba wanda ya motsa, ina bakin ƙofa da takalmi a hannu, sai na ji "ƙwas!" daga ɗaki. Sosan ya faɗi. Ina ji yana rarrashin Auta, na ja ƙofar gida a hankali na tafi.