"Lafiya Lau" Ba Awon Jini Ba Ne

Mai karatu, yaushe rabon da ka kira mahaifiyarka a waya ta ce maka ba ta jin daɗi? Tawa ba ta taɓa faɗa ba. Hajiya tana Yakasai, cikin birnin Kano, a gidan da aka kai ta tana amarya, ni kuwa aiki ya kai ni Abuja. Kullum bayan Magariba nakan kira: "Hajiya, ya jiki?" Amsar ɗaya ce: "Lafiya lau, ya yaran?"

Haka muke har ranar da ƙanina ya kira ni da asuba, ya ce bakinta ya karkace, hannun hagu ba ya ɗaguwa. Mota ba ta shiga lungunmu, sai ɗaukarta aka yi zuwa bakin titi, mai Adaidaita Sahu ya kai su Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata. Allah ya taƙaita, shanyewar ɓarin jikin ba ta yi tsanani ba. A nan muka ji cewa wata uku ke nan da ta ajiye maganin hawan jininta. A ganinta ta warke, kuma ba ta son ɗora mana nauyi.

Hawan jini ba ya yin sallama. Mutum na iya yin shekaru da shi ko ciwon kai bai ji ba, alhali yana yi wa zuciya da ƙoda da ƙwaƙwalwa illa. Magani kuma saisaita shi yake yi, ba korarsa ba.

Da aka sallame ta, mun sayi na'urar awo ta ɗaurawa a dantse. Jikarta da ke kwana a ɗakinta ita ke aunawa safe da yamma: Hajiya ta zauna minti 5 ta jingina, ba magana. Yarinyar ta rubuta a littafi, ta turo hoto a zauren WhatsApp na gida. Likita ya gindaya mana iyaka: idan awo ya yi ta wuce 140/90, a kawo ta kafin ranar da aka ba ta. Idan ya kai 180/120, ko magana ta sarƙe, ba jira. Kowace Juma'a ana ƙirga ƙwayoyin da suka rage. Gishiri ma mun rage, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, har da na cikin dunƙulen magi. Daddawa ta dawo da martabarta a miyar kuka.

Mun yi kuskure biyu. Da farko duk mu bakwai muka zama likitoci, wannan ya ce zoɓo, wancan tafarnuwa. Yanzu Yaya kaɗai ke magana da likita, kuma ba mai taɓa magani da kansa. Na biyu nawa ne: na koma ina kira, "Nawa ne yau?" Ran nan Hajiya ta ce, "Ni ka kira ko injin?" Kunya ta kama ni. Yanzu sai mun gaisa, na sha labarin bikin maƙwabta, lambar kuwa na duba a waya.

Idan naka tsohon yana gida kai kana nesa, ka tambayi kanka yau: wa ke auna shi, wa ke ƙirga maganinsa? Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya ba mu ikon kula da su.