Abbaganaram da Ɗan Hamayyar Yerwa

Da hantsi Keke Napep ya sauke ni a bakin kasuwar Abbaganaram, don tun 2011 aka hana hawa babur a Maiduguri. Ƙamshin turaren wuta ne ya fara tarbata, sai hulunan Zanna Bukar da aka wanke aka jera a rana, kowace a kan kanta. A jikin wasu katangu har yanzu ana ganin zanen inda ruwa ya tsaya a Satumbar 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle.

Unguwar tana cikin tsohon garin Yerwa da aka kafa a 1907, ba nisa da fadar Shehu. Abin da ya kawo ni ke nan. Ina son ganin irin lungunan da suka zauna a inuwar sarauta amma suka tura ɗan hamayya majalisa.

A gindin wata darbejiya na yi sallama ga majalisar dattawa. Bayan an gama wushe-wushe, na ce, "Baba, ko kun san Ibrahim Imam?" Wani saurayi mai sayar da katin waya ya zaci limamin wani masallaci nake nema. Babban cikinsu kuwa sai ya yi murmushi, ya matsa mini wuri a tabarma.

An haifi Imam a 1916, ya yi Kwalejin Katsina, ya yi aikin gine-gine a En'e ta Borno. Ya zama babban sakataren jam'iyyar NPC, ya kuma zauna a Majalisar Wakilai a Legas. Yana zauren a Maris 1953 da Anthony Enahoro ya nemi a ba da mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ce ba yanzu ba, kuma Imam na cikin masu kare matsayin Sardauna a ranar.

Sai ga shi ya bar jam'iyya mai mulki, daga baya ya koma ƙungiyar matasan Borno, BYM, wadda ke ƙawance da NEPU ta Malam Aminu Kano. Kukansu ɗaya ne: a gyara En'e, a sauƙaƙa wa talaka haraji da zaluncin kotu. Mutanen Yerwa suka zaɓe shi zuwa Majalisar Dokokin Arewa a Kaduna, ya zama jagoran 'yan hamayya. A ganina wannan ba ƙaramar kasada ba ce, domin alkali da ɗan doka da gidan yari duk a hannun En'e suke a zamanin.

Abin bai yi daɗi ba. Ya raba gari da NEPU ya haɗa kai da jam'iyyar Awolowo, wani rikici a 1958 ya watsa BYM, gida ya gagare shi. A 1961 sai ƙasar Tibi ce ta ba shi kujera, da goyon bayan Joseph Tarka: Babarbare Musulmi yana wakiltar manoman doya na Binuwai. Ya rasu a 1980.

Da aka kira Azahar dattawan suka miƙe. Saurayin nan ya biyo ni har bakin titi, ya ce, "Yallaɓai, maimaita mini sunan," ya rubuta a wayarsa.