Kwanakin da Jirgin Rigasa Ya Tsaya

Laraba, 17 ga Nuwamba, 2021

Magana ta tabbata. Gobe ma'aikatan reluwe za su shiga yajin aikin gargaɗi na kwana uku a faɗin ƙasa. Ƙungiyoyi biyu ne suka haɗa kai, ƙungiyar ma'aikatan reluwe ta NUR wadda Innocent Ajiji ke shugabanta, da ta manyan ma'aikata. Sun zauna da ministan sufuri Rotimi Amaechi, aka tashi ba a daidaita ba. Abin da suke nema ba ɓoyayye ba ne: a gyara tsarin albashi, a biya alawus da bashin ƙarin girma, a sabunta ƙa'idojin aikin da suka tsufa.

Bayan la'asar na tarar da dattijon maƙwabcina a ƙofar gida yana goge takalmin aikinsa. Mai duba layin dogo ne. Na ce, "Baba, da gaske gobe ba fita?" Ya ce, "Malam, ba don son rai ba. An yi wasiƙa, an yi zama, an ba da wa'adi. Me ya rage?"

Alhamis, 18

Na leƙa tashar Rigasa da hantsi. Ƙofa a garƙame, ma'aikata a tsaye da kwalaye. Matafiyan da labari bai kai musu ba sun yi cirko-cirko da akwatuna, 'yan kamasho kuwa sun samu kasuwa, sai kiran "Abuja, mutum ɗaya!" suke yi, kuɗin mota ya ɗaga nan take. Rediyo ta ce haka abin yake a tashar Idu ta Abuja, da layin Legas zuwa Ibadan, da na Warri zuwa Itakpe.

Wata baiwar Allah ta zauna kan jakarta tana share hawaye da bakin mayafi. Likita za ta gani a Abuja, kuma tsoron hanya ya hana ta shiga mota. Tausayinta ya kama ni ƙwarai, kuma ban ga laifin masu fushi ba. Kowa ya san abin da titin Kaduna zuwa Abuja ya zama. Tun da aka buɗe layin dogon nan a 2016, ɗan kasuwa da ɗalibi da sanata da janar duk tarago suka koma, saboda masu garkuwa da mutane.

Sai dai akwai abin da masu zagin ma'aikata ba su tsaya sun duba ba. Fasinja sanyin tarago kawai ya sani da kujera mai laushi. Bai san cewa wannan layi mai tsawon kilomita 186 da ƙafa ake bin sa ba, yanki-yanki. Baba yakan fita da asuba da doguwar sifana a kafaɗa da gorar ruwa, yana tafe yana ƙwanƙwasa ƙarfe, yana sauraron ƙarar, ya ɗaure noti inda ya saki, ya gyara tsakuwa inda ruwa ya ci. A daji yake wannan aiki, dajin da mu ke gudun ratsawa ko a cikin mota. Watan jiya da aka dasa bam a kan dogo wajen Rijana, irin su ne suka je suka gyara har jirgi ya dawo aiki. Mutumin da ke riƙe da rayukan ɗaruruwa kullum bai kamata ashirin ga wata ta same shi a shagon mai awo yana cin bashin masara ba.

Juma'a, 19

Bayan masallaci hira ta koma kan yajin. Wani ya ce 'yan ƙungiya sun cika fitina. Wani tsohon ɗan fansho ya gyara zama ya ce, "Yaro, reluwe ce uwar ƙwadago a ƙasar nan." Gaskiya ya faɗa. Tun 1911 dogo ya isa Kano, kuma ma'aikatansa ne ƙashin bayan babban yajin 1945, wanda Michael Imoudu ya yi wa jagora, aka shafe kwana 44 ana neman Turawa su ƙara alawus na tsadar rayuwa a ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Kukan dai bai sauya ba. An kai mafi ƙarancin albashi naira 30,000 a 2019, amma kafin kuɗin su shiga aljihu kasuwa ta riga ta haɗiye su.

Da dare labari ya zo cewa an janye yajin, kwana ɗaya kafin wa'adi, bayan zama da hukumar reluwe.

Asabar, 20

Jirgi ya yi ƙugi da safe. Masu shayi da 'yan Keke na bakin tasha sun fi kowa murna, don kwana biyun nan ba su ga ciniki ba.

Na yi wa Baba barka. Ya amsa a sanyaye. Ya ce, "An ce za a zauna a duba, Malam. Alkawari ne a takarda, ko kwabo bai shiga ba tukuna." Na tambaye shi ko yana ganin shugabanni sun yi saurin sassauci. Ya ce a'a, gargaɗi aka ce, kuma an ji. Abin da ya fi damunsa shi ne kada kwamitin da zai duba ya kwanta barci, jama'a kuwa su manta tunda jirgi na tafiya. Ni ma nan tsorona yake.

Litinin, 22

Jiya 'yan bindiga sun tare titin Abuja kusa da Rijana, sun yi kisa, sun kwashi mutane. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kuɓutar da na hannunsu. Yau tasha ta cika maƙil, tikiti ya yi wuya, ma'aikatan da aka zaga ranar Alhamis su ake roƙo su taimaka da kujera.

Baba ya dawo bayan magariba, ƙura har gwiwa. Ya ce reshensu zai kira taro, shugabanni su karanta wa kowa abin da aka sa wa hannu. Ya roƙe ni in taya shi rubuta tambayoyinsa a takarda, don in ya miƙe a gaban jama'a yakan manta. Ta farko: wane wata sabon albashin zai fara?