A Garhanga, inda dutse ya fi samari yawa

Wannan karo ba daga Yamai muke kawo muku labari ba. Bayan an gama girbi, hunturu ya soma busawa, sai muka ɗauki hanyar Adar: daga Madawa zuwa Buza, daga Buza kuma muka faɗa Garhanga, cikin gundumar Keita, jahar Tawa. Abin da ya kai mu shi ne wata magana da ake yawan maimaitawa a ofisoshi da tarurruka, wai in gwamnati ta keɓe filayen masana'antu, ta sassauta haraji da kuɗin duwan, masu jari za su zo, ƴaƴan karkara kuma su samu aiki a gida. Muka ce bari mu je mu auna wannan magana a wurin da aka fi bukatarta.

Wanda bai taɓa shiga Adar ba zai yi mamakin ƙasar. Sama fako ne shimfiɗe da baƙin tsakuwa, ido na tafiya har ya gaji, can sai ƙasa ta tsage, ka hangi kwari a ƙarƙashinka da gonaki da itatuwa da rumbunan laka masu ƙaton ciki. Garhanga gari ne na sarkin kanto, kuma cibiyar kwamin, wadda ƙidayar 2012 ta ba ta kusan mutum dubu 70. Amma in ka zaga unguwanni a wannan lokaci na shekara, tsofaffi za ka tarar, da mata, da yara ƴan lakwal. Majiya ƙarfi sun tafi biɗa, kamar yadda ake faɗi a nan: wasu Abijan, wasu Najeriya ko Kamaru, wasu sun ratsa hamada zuwa Libiya da Aljeriya.

Mun zauna da wani dattijo a gindin bedi kusa da masallaci. Da muka gaya masa abin da ke tafe da mu, sai ya yi murmushi ya ce: "Mushe, ƴaƴana uku duk suna waje. In akwai izin da zai riƙe mini ko guda, ni zan ɗauko dutsen gininsa da kaina." Muka ce: "Baba, ai dutse kun sha ɗauka a ƙasar nan." Ya ce wannan gaskiya ne, amma mata suka fi ɗauka.

Proje Keita yake nufi. Bayan farin da ya kwantar da Adar, a 1984 aka buɗe wannan aiki da kuɗin ƙasar Italiya, hukumar FAO tana gudanarwa, PAM kuma tana biyan ma'aikata da abinci. Aka jera duwatsu a kan fako don tare ruwa, aka haƙa ramuka a jikin tuddai, aka gina madatsai cikin ƙoramu, aka buɗe hanyoyin karkara. Lissafin da aka yi daga 1984 zuwa 2002 ya nuna an farfaɗo da sama da hekta dubu 34, an dasa itace kimanin miliyan 18. Tun da maza suna biɗa, mata ne suka riƙe mafi yawan aikin, da tasa a kai da goyo a baya. Har yau in ka hau fako za ka ga layin duwatsun nan da ƙayoyin da suka girma a bayansu. Wasu wuraren sun lalace don rashin gyara bayan tafiyar proje, wannan ba a ɓoye yake ba. Sai dai a tarihin wannan yanki babu wani abu da ya taɓa bai wa dubban mutane aikin yi a ƙofar gidansu kamarsa, kuma ba da injin da aka sauko daga jirgin ruwa aka fara ba, da abin da ke ƙarƙashin ƙafar mutane aka fara.

Akwai wani dutsen kuma, shi ne na harsashi. Tuddan Adar cike suke da farin dutsen da ake toya siminti da shi. Saboda haka a watan Oktoba 2018 aka yi buki a Keita, ƴar tafiya kaɗan arewa da Garhanga, aka aza harsashin izin ɗin siminti na kamfanin Dangote, tare da tashar lantarki ta gawayi mai ƙarfin megawat 100, aka ce za a gama cikin wata 26. Labarin ya kai har Abijan, samari suka yi ta bugo waya suna tambaya ko an fara ɗaukar ma'aikata. Wata 26 sun wuce tuni, Nijar kuwa ba ta shiga jerin ƙasashen da kamfanin ke toya siminti ba. Ba mu kawo wannan don zargin kowa ba. Mai jari lissafi yake yi, ba zumunci ba: ina gawayin zai fito, wace hanya kamyo mai ton 40 zai bi, wa zai sayi simintin.

Wanda ke son ganin izin mai rai a jahar Tawa, sai ya je Malbaza. Tun 1966 ake toya siminti a can, kuma sabon izin da ya gaji tsohon an gina shi don fitar da ton dubu 650 a shekara. Me ya zaunar da shi? Dutsen yana nan kusa, garin yana bakin babbar hanyar gudro da ta haɗa Yamai da Damagaram, ga layin lantarki, a 2018 kuma aka ƙara tashar hasken rana mai megawat 7. Ko da haka, izin ɗin siminti aikin injuna ne, ma'aikatansa ɗaruruwa ne, alhali masu fita biɗa daga Adar kowace shekara dubbai ne. Abin da ya fi taɓa talakan ƙauye a cikinsa shi ne jips, wani dutse mai ƙyalli da ake gaurayawa da siminti, wanda mutanen tuddan nan, yawanci mata, suka daɗe suna tona da hannu suna sayarwa.

Ƴan kasuwarmu da suka manyanta ba sa bukatar a tuna musu Maraɗi. Sun ga unguwar masana'antu lokacin da Siconiger ke matse gyaɗa, Sonitan tana jeme fata, ga masu bulo, ga masu katifa. Gyaɗa ta faɗi bayan farin 1973, Naira ta karye, kayan Najeriya suka cika kasuwa da araha, cikin shekarun 1980 ƙofofi suka yi ta rufuwa ɗaya bayan ɗaya. Filin bai gudu ba, sassaucin haraji ma an yi. Kano da kanta, mai Bompai da Sharaɗa da Challawa, ta ga masaƙunta sun mutu saboda rashin wuta da atamfar waje mai araha. Atamfar nan kuwa, mu faɗi gaskiya tsakaninmu, da yawanta ta ƙasarmu ta ratsa, kuma akwai masu karanta wannan shafi da suka san kuɗin kamyonta.

Masu goyon bayan filayen masana'antu sukan kawo misalin Adetikope a Togo, da aka buɗe a 2021, da Glo-Jigbe a Benin, inda ake sarrafa auduga da waken soya da kashu. Misali ne mai kyau, amma a duba taswira. Dukansu biyu suna kusa da tashar jiragen ruwa, Lome da Kwatano. Garhanga kuwa tsakaninta da teku ya haura kilomita dubu. Kuma ba mu manta da Agusta 2023 ba, lokacin da Najeriya, wadda a lokacin ke ba mu mafi yawan wutar da muke sha, ta yanke layi har tsawon watanni. Wane mai jari ne zai zuba miliyar ɗinsa bai tambayi wannan ba?

A ganinmu tambayar da ta kamaci hukuma ba ita ce ina za a kewaye fili ba, ita ce me Adar ke fitarwa wanda ke lalacewa ko ke fita ɗanye. Amsar tana bakin hanya, cikin buhu. Albasar Galmi da Madawa da fadamun Keita tana kaiwa Gana da Kodebuwa. Lokacin cire ta kowa na sayarwa a rana ɗaya, farashi ya faɗi ƙasa, bayan ƴan watanni ya ninka, amma kafin nan wadda aka zuba a rudu wani kashi nata ya ruɓe. Tumatir ana shanya shi a ƙasa, ƙura na hawa. Fatar akuya tana tsallaka iyaka ba jima, ta koma takalmi a hannun wasu. Ɗan fili kusa da kasuwa, mai wuta da ba ta yankewa, da ruwa, da ma'ajiya mai iska, da hanyar da kamyo zai shiga ko da damina, inda mai walda da mai injin niƙa da majemi za su yi haya da sauƙi, ba zai kai kuɗin buki ɗaya na manyan alkawura ba. Kuɗin da ƴan biɗa ke aikowa, wanda yanzu ke ƙarewa a hatsi da aure da kwanon rufi, zai samu inda zai shiga. Alhazanmu ma sai su yarda su ɗaure jari shekara biyar cikin injin, maimakon juya shi sau huɗu a shekara kan shinkafa da sukari. Ma'aikacin da takardar neman izni ke kwana wata shida a tebur ɗinsa, shi ma yana da nasa kason.

Da za mu tashi, motar da muka samu zuwa Keita cike take da buhunan wake da samari huɗu, kowane da ƴar jakarsa. Ƙaraminsu bai wuce shekara 17 ba, wannan ne fitarsa ta farko. Uwarsa ta biyo motar har bakin gari tana ce wa direba: "Don Allah Malam, in kun isa Tawa ka nuna masa tashar Agadas." Direba ya ce to, Inna, ya ƙara wuta, muka hau fako.